Karta a Kan Tiren Gahawa

Masu karatu, sallama gare ku, kuma ku yafe mini shirun da na yi. Tun ranar Juma'ar nan hannuna ya ƙi rubutu. Yau na tilasta masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Surayya. A Jidda aka haife ni, a unguwar Bani Malik, a wani tsohon bene da fentinsa ya gaji da rana. Mahaifina, Alhaji Musbahu, Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno, direba a wani kamfanin kayan gini. Ni kuma lalle nake yi wa amare. Iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, a ƙarƙashin sunan Baba take, katin ma a aljihunsa yake kwana. Ranar da na yi aure za ta koma ƙarƙashin sunan mijina. Idan ya zauna lafiya, na zauna. Idan hukuma ta kore shi daga Saudiyya, har da ni aka kora. Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa komai ya tsaya.

Mai nemana shi ne Zaharadden, ɗan Zariya, yana haɗa lasifika a ɗakunan biki. A wajen aiki muka haɗu. Na je yi wa wata amarya lalle a unguwar Sharafiyya, shi kuma yana gwada na'urorinsa kafin mata su iso. Kowa da waƙar Larabawa yake gwaji, shi kuwa sai ya saki muryar wata tsohuwa tana waƙa da kiɗan ƙwarya, da Hausar da rabinta ban gane ba. Na tsaya a bakin ƙofa da kwanon lalle a hannu.

"Wace ce wannan?" na tambaya ta bayan niƙabi.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Tabawa ce, daga wani ƙauye a bayan Kurfi. Ba wanda ya san ta sai 'yan ƙauyensu, sai ni. Yanzu kuma sai ke."

Ta hannun gwaggon amaryar ya nemi lambar Baba, ya zo ya gaishe shi kamar yadda ake yi. Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya dai bari muna magana a waya.

Ku 'yan mata da ake turo muku "na yi kewarki" safe da yamma, ni ban san wannan ba. Waƙa Zaharadden yake turo mini, ta mutanen da duniya ba ta san da su ba.

"Ranki ya daɗe, yau ki ji wannan yaron na Damagaram. Tela ne, a bayan keken ɗinki yake kaɗa jita. Waɗanda suka saurare shi ba za su cika motar bas ba."

Washegari kuma: "Ga wasu 'yan mata biyu na Birnin Kudu masu shantu. Ki saurari ta biyun, ita ce mai muryar. Idan kin gane abin da ta ce a baiti na ƙarshe, na yarda kin zama Bahaushiya."

Ni da Larabci ya fi zama a bakina, a waƙoƙin nan na gyara Hausata. Har Umma ta fara cewa na daina magana kamar mai tauna dabino.

Wata rana ina dama lalle na rubuta masa, "Kai ba ka sauraren komai sai waƙa?"

Can sai ga saƙo: "Akwai, amma kada ki yi mini dariya." Ya turo mini fodkas guda biyu, irin shirin hirar nan da ake saurara a waya. Duk da Turanci, duk a kan wani wasan karta na caca da ake kira foka. Na farko wasu tsofaffi biyu ne suna ta gardama a kan wasannin da suka yi tun suna samari. Na biyun, wanda ya ce ya fi so, wata mata ce da ta bar koyar da lissafi ta koma wasan.

Na rubuta, "Zaharadden, caca kake yi?"

"Saurare kawai nake yi. Ina gyara Turancina, kuma suna koya wa mutum haƙuri."

Na yarda. Kuma ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku: ni na fi shi kamuwa. Ban taɓa riƙe karta ba, ban san ƙa'idar wasan ba, amma matar nan mai lissafi ta tafi da ni. Ina tankaɗe lalle tana kunnena, ina wanke-wanke tana kunnena. Ba maganar kuɗin ce ta dame ni ba. Yadda take karanta mutane ne. Takan ce kada ka dubi fuskar wanda ke gabanka, don kowa ya koya wa fuskarsa ƙarya. Ka dubi hannunsa.

To, mu zo ranar Juma'a.

Da safe Zaharadden ya turo wata waƙa, ya ce, "Wannan ba taki ba ce, ta Baba ce. Na daɗe ina nemanta. Wani mai gurmi ne na Mai Wurno, Malam Shu'aibu, daga tsohon kaset aka kwafo ta. Ki kunna masa idan ya ci ya ƙoshi."

Bayan masallaci Umma ta shimfiɗa leda a falo, ta ajiye asida, tuwon 'yan Sudan, da miyar kuɓewa busasshiya. Baba ya cire rawaninsa ya ɗora a kan matashi, ya zauna da farar jallabiya da 'yar hula. Yaya Abduljalil, babban wana, yana gefensa yana ci yana latsa waya. Shi dama tun farko ba ya ƙaunar maganar Zaharadden. Kullum cewa yake, "'Yan Najeriyar nan da suka sauka jiya, wa ya san abin da suka baro?"

Na jira Baba ya wanke hannu. Na haɗa wayata da 'yar lasifikar da ke kan talabijin, na danna.

Gurmi ya fara, da shuuu ɗin tsohon kaset a bayansa. Sai murya ta shigo, a dishe, tana kiran sunayen unguwanni da mashigar kogi.

Tsinken sakace yana hannun Baba. Ya tsaya a iska, bai kai baki ba. Mahaifina mutum ne da ban taɓa ganin haƙoransa a gaban baƙo ba. Ko labarin yaƙin Sudan aka sa a talabijin, tashi yake ya bar ɗakin ba tare da ya ce uffan ba. Amma ran nan na ga leɓensa yana bin waƙar.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Zaharadden ne, Baba."

"A bikin yayana ya yi ta. Ina yaro, a kan katanga na zauna na ji." Ya nuna lasifikar da tsinken. "Ƙara murya."

Umma ta dube ni ta ƙasan ido, ta danne murmushi da gefen mayafi. Ni kuwa daɗi ya ɗebe ni. Na ce bari in kawo shayi Baba ya sha a kan waƙarsa. Na tashi na shiga kicin, na bar wayar a kan talabijin.

Wannan shi ne kuskurena. Na manta cewa idan abu ya ƙare, wayar kan ci gaba da wanda aka bari a tsakiya.

Ina zuba shayi na ji gurmin ya mutu. Sai wata ƙara ta cika gidan: firrrt, firrrt, ƙarar karta ana cuɗa ta. Sai ƙwas-ƙwas ɗin 'yan robobin da suke tarawa a maimakon kuɗi. Sai dariyar matar nan mai lissafi.

Ban san lokacin da shayi ya zubo mini a yatsu ba. Na fito a guje, abayata tana harɗe ni.

Baba ba ya jin Turanci, amma ƙarar karta ba ta buƙatar tafinta. Shi kansa yakan buga balot da tsofaffin unguwa a bencin bakin titi bayan la'asar, wasan karta na 'yan ƙasa, wanda aka ci ya sayi shayi. Unguwa duka ta san cewa ranar da wani ya ajiye riyal a kan bencin nan, Baba ya miƙe, bai sake gaisawa da mutumin ba har ya bar Jidda.

Na miƙa hannu zan kashe. Ya ce, "Bari." Ya juya ga Yaya. "Me suke cewa?"

Yaya Abduljalil ya karkata kai ya saurara. Na ga daɗi yana hawa fuskarsa a hankali, sai ya amsa wa Baba yana sirka Larabci.

"Ya Buya, wallahi haza ƙimar. Caca ce. Tana koyar da yadda za ka sa mutum ya zuba kuɗinsa duka alhali ba ka riƙe da komai."

"Kashe."

Aka kashe. Sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kawai.

"Shi ma yaron ne ya turo?"

Masu karatu, a nan na gwada abin da na koya. Na saki kafaɗa, na daidaita numfashi, na sa wa fuskata ruwan sanyi.

"A'a, Baba. Irin tallan nan ne da ke faɗowa a waya."

Yaya ya ɗauki wayar ya duba. "Talla? Talla ce kika saurara har ya rage saura kaɗan ta ƙare? Haba, ya Sheikha!"

"Ajiye mata wayarta," in ji Baba. "Ba na laluben aljihun mace."

Bai dubi fuskata ba ko sau ɗaya. Hannuna yake kallo. Sai a lokacin na lura ina ta murza babban yatsana a kan wurin da shayi ya ƙona.

"A kira mini yaron. Bayan la'asar."

Ya tashi ya shiga ɗakinsa. Na ji ya buɗe durowa. Da ya fito, sabuwar karta ce a hannunsa, ko ledarta ba a ɓare ba. Ya miƙa wa Umma ya ce, "Idan za a kawo gahawa, a ɗora wannan a kan tiren."

A kicin Umma ta ja ni bayan firiji, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ke Surayya, kina da hankali kuwa? Kin manta Mastura?"

Ina zan manta. Mastura 'yar maƙwabtanmu ce, tare muka yi makaranta. An kama mijinta da wasu a wani gidan hutu a bayan gari, karta da kuɗi a tsakiyarsu. Aka kai shi gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, aka sa shi a jirgi. Iƙamarta tana ƙarƙashinsa, ta bi shi da goyo zuwa ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Har yau idan ta kira uwarta, kuka ke fara magana.

"Umma, wallahi saurare kawai yake yi."

"Shi ya gaya miki?"

"Shi ya gaya mini."

"To, mahaifinki ba bakinsa zai tambaya ba. Karta zai miƙa masa ya ga yadda zai riƙe ta. Ya ce wanda ya yi zaman caca, ko ya yi shekara goma da tuba, yatsunsa ba sa mantawa."

Na shige banɗaki na kulle, na zauna a bakin baho, na rubuta wa Zaharadden:

"Baba ya ji shirin matar nan a wayata. Zai miƙa maka karta ya ce ka cuɗa. Don Allah ka yi kamar ba ka taɓa ganinta ba. Ka bar ta ta zube ƙasa."

Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa.

"Surayya, ba zan fara zama da mahaifinki da wasan kwaikwayo ba."

"Wane wasan kwaikwayo? Ai ba ka iya ba. Saurare kawai kake yi, ko ba haka ka ce ba?"

Alamar ya karanta ta fito. Na jira. Aka kira la'asar a masallacin unguwa, na yi alwala, na yi salla, na dawo na duba. Babu amsa. Shirun nan ya fi muryar Baba ba ni tsoro.

Ya zo cikin shuɗiyar shadda mai ɗinkin wuya kaɗan, da hula zanna, ƙamshin turarensa ya riga shi hawowa bene. Tsakanin falonmu da hanyar kicin akwai labule mai kauri, ruwan ƙasa. A bayansa na tsaya, ina leƙe ta inda zaren ya saki.

Ya durƙusa ya gaida Baba. Ya miƙa wa Yaya hannu, Yaya ya ba shi yatsu biyu. Umma ta tura tire ta ƙasan labule: butar gahawa mai citta, ƙananan kofuna, dabino, sai karta a gefe cikin ledarta.

Baba ya zuba masa gahawa da hannunsa.

"Na ji waƙar Shu'aibu. Ka kyauta."

"Allah ya ƙara girma, Baba. Akwai wata tasa ma, ina kan nema."

"Madalla." Baba ya kurɓa, ya ajiye kofi. Ya sa yatsa ɗaya ya tura kartar gabansa. "Hannuna ya tsufa. Ɓare ka cuɗa mana."

Na dafe bango. A zuciyata ina ta cewa, ka zubar, Zaharadden, ka zubar.

Ya dubi kartar. Ya dubi labulen, kamar ya san ina nan. Sai ya ce bismillahi a hankali, ya ɗauka.

Da farce ɗaya ya yanke ledar. Ya raba kartar gida biyu ba tare da ya duba ba. Ya kwantar da su a kan tabarma, gefe da gefe, ya ɗan ɗaga kusurwa da manyan yatsunsa. Firrrt. Suka shige juna kamar haƙoran zif. Ya tura, ya daidaita, ya sake. Firrrt. Ko ɗaya ba ta ɗaga sama yadda wani zai ga cikinta ba. Ya sauya sama da ƙasa da hannu ɗaya, ya ajiye a kan tire a gaban Baba, gefenta a miƙe kamar an goge da dutsen guga.

Ƙarar nan na san ta. Ita nake ji kullum a kunnena ina dama lalle. Kuma na san ba a saurare ake koyon wannan ba.

"Ya salam!" in ji Yaya Abduljalil, yana tafa cinya. "Ya Buya, shuft? Ka gani?"

"Yi mana shiru." Baba bai ɗauke ido daga hannun Zaharadden ba. "A ina?"

"A Legas, Baba. Kafin in zo nan na yi aiki a wani otal. Ni ke raba wa masu caca karta. Ban taɓa zuba nawa ba, amma da albashin wurin na zo ƙasar nan. Tun da na sauka Jidda ban zauna a irin teburin ba."

"Yarinyar ta sani?"

"Ba ta sani ba. Na ce mata saurare kawai nake yi."

"Ka bar aikin. Me ya hana ka barin sauraren?"

Ya sunkuyar da kai. Na ga gumi a bayan wuyansa duk da sanyin ɗakin.

"Wani lokaci hannuna yakan yi ƙaiƙayi, Baba. Idan na saurara sai ya lafa."

"Ko ya ƙaru."

"Ko ya ƙaru," ya amsa. "Allah ne ya sani."

Yaya ya miƙe. "Halas! Magana ta ƙare. Yalla, malam, ga ƙofa."

"Zauna, Abduljalil. Ba gidanka ba ne." Baba ya ɗaga murya kaɗan, bai waiwayo ba. "Ke kuma fito. Lallen ƙafarki ya daɗe da shigowa falon nan."

Na dubi ƙasa. Yatsun ƙafata suna waje, ta ƙasan labule, jajaye. Na gyara mayafi na fito, na durƙusa a bakin tabarma. Ban iya duban kowa ba.

Baba ya sa hannu a aljihun jallabiya ya ciro tsohon walat ɗinsa na fata, wanda aka ɗaure da roba. Ya zare robar a hankali. Ya ciro iƙamata ya ajiye a kan tire, tsakanin dabino da karta.

"Kai ka yi mata ƙarya, yau ka gaya mini gaskiya, alhali an ba ka hanyar gudu." Ya ɗan juyo gare ni. "Na san an ba shi. Ke kuma kin dubi tsabar idona kin ce talla ce."

"Baba, ka yi haƙuri..."

"Ban gama ba."

Na haɗiye sauran.

"Da niyyar miƙa maka wannan katin na kwana jiya. Da na ji Shu'aibu na ce an gama. Yanzu ban sani ba. Mai yiwuwa ka mutu ba ka sake zama a teburin nan ba. Mai yiwuwa wata rana abokai su kira ka gidan hutu, 'yata ta tsinci kanta a jirgi. Ba ni da Sudan ɗin da zan ce ta koma." Ya mayar da robar a walat, ya sa a aljihu. "Ni ban taɓa caca ba. Ba kuma zan fara da 'yata ba."

Ya sa yatsan nan guda, wanda ya tura kartar da shi, ya turo katin gabana.

"Riƙe. Tun da kin girma har kin iya ɓoye mini fuska, kin isa riƙe wannan. Idan kin ba shi, da hannunki kika ba shi, ni zan ɗaura aure in yi addu'a. Idan kin dawo mini da shi, aljihuna yana nan. Amma kada wanda ya zo mini da kuka daga baya."

Ya miƙe, ya ɗauki rawaninsa, ya ce wa Yaya, "Taso mu je, ana jirana a benci." Yaya ya tashi ya bi shi. Umma tana bayan labule, ina jin numfashinta.

Na ɗauki katin. Da ɗumin jikin Baba a jikinsa. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe shi ni kaɗai ba.

"Surayya," in ji Zaharadden, muryarsa a karye. "Ki dube ni. Wallahi na bari."

Na ɗago. Fuskarsa fuskar mai gaskiya ce, idonsa ya yi ja, irin fuskar da za ki bi har Zariya a ƙafa. Saura kaɗan in miƙa masa katin a wurin. Sai muryar matar nan mai lissafi ta dawo mini, na sauke idona ƙasa.

Hannunsa na dama yana kan tire. Babban yatsansa yana shafa gefen kartar, sama da ƙasa, sama da ƙasa, a hankali, kuma shi kansa bai san yana yi ba.